Faifan Japan da Ya Kwashe Mini Majalisa

Matso kusa ka ji abin da ya fitar da ni daga Wara, ni da na shekara bakwai ban wuce tasha ba.

Kullum bayan La'asar a ƙofar gidana ake zama, ni ke ba da labari. Sai maƙwabcina Ɗan'ige tela ya sayo wani faifan bidiyo na gwanjo a Yelwa, tarihin sarakunan yaƙin Japan da ake kira shogun. Turanci ake yi a ciki, Ɗan'ige ba ya ji, amma shi ke fassarawa. Cikin mako guda tabarmata ta zama ta awaki. Na ce sai na sayo wanda ya fi nasa.

Wara, ƙarfe biyar da rabi

Daga masallaci na wuce tasha. Direba ya gan ni ya riƙe baki: "Baba Sani, lafiya? Ko gobara aka yi?"

"Ja motarka," na ce.

Muka tashi shida da kwata, kwandon busasshen kifi a kan cinyata, ba nawa ba. A shingen hanya jami'i ya leƙo, ya shaƙi ƙarni, ya ce mu wuce.

Yelwa, tara da rabi

Na karya da ƙosai da kunu na ɗari biyar. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a rumfar mai faifai ɗaya da ya rage a kasuwa, duk an koma waya.

"Ina na Japan?" na tambaya.

"Masu taƙobi da tukku? Ai biyu ne a kwali, Baba. Wani tela ya ɗauki na farko, ya ce na biyun ya yi tsada."

Daɗi ya kama ni. Ya saka mini na gani, yana bayani: shogun ya rufe ƙasa, ba shiga ba fita, ya kuma tilasta wa hakimai zaman ƙofarsa shekara guda, shekara guda su koma gida. Na ce wannan ya san darajar majalisa! Na biya dubu ban taya ba.

Wara, bayan La'asar

Na iso lafiya, alhamdu lillahi, na gode wa direba da mai faifai. Na wuce shagon Ɗan'ige, mutanena cike har bakin kwata. Na ɗaga faifan sama.

"Ƙarshen labarin yana hannuna!"

Kowa ya miƙe zai bi ni. Ɗan'ige ko ƙafa bai ɗaga daga keken ɗinki ba.

"Madalla, Yaya. A me za ka kunna shi, a faranti?"

Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna. Duk unguwar, na'urarsa ta kunna faifai ce kaɗai ke aiki. Ya share kujerar da ke gaban talabijin, ya ce: "Zo ka fassara mana, ka fi ni baki."

Na juyo gida da abina. Faifan yana ƙarƙashin matashina kwana uku ke nan. Kai da kake ji, in kai ne, za ka zauna a kujerar nan?