Zazzaɓin da na rantse maleriya ce

Shekarun baya can, kamar shekara guda bayan an watse daga wasannin Olympics na China, ina zaune a Guangzhou ina saro wa 'yan kasuwar Kano kayan sawa daga kasuwar Shisanhang. Ɗakina yana unguwar Panyu, hawa na shida, ni kaɗai kamar maye. A lokacin ne murar aladu ta ɓarke. Ana auna zafin jikin duk wanda ya sauka a filin jirgi, a cikin jirgin ƙasa kuwa kana yin atishawa za ka ga an dare an ba ka fili. Ni dariya ma suke ba ni. Na ce ni da ko hanyar alade ban taɓa bi ba, me ya haɗa ni da murarsu?

Wata Talata na tashi jikina kamar an yi mini dukan kawo wuƙa, ga tari, ga kai yana sarawa. Kun dai san halinmu, a wurin Bahaushe kowane zazzaɓi maleriya ce. Na zaro maganin da na taho da shi daga gida na haɗiya, na ja bargo. Wata bakwai rabona da Najeriya, amma ban tsaya tambayar kaina inda sauron ya gan ni ba. Ni ne likita ni ne majinyaci, kuma ba a ja da ni.

Mutum ɗaya ne ya lura ban fito kasuwa ba. Wani dattijo ne ɗan Maraɗi mai sarin takalma, sa'an mahaifina, amma abota muke yi sosai. Yana da ciwon suga, na kuma sani. Ya kira ni a waya.

"Ɗan Kano, lahiya? Kwana biyu shiru. Har lauban ɗinka ya tambaye ka." Mai shagon da nake sari yake nufi.

"Baba, 'yar maleriya ce."

"Ka tabbata? Garin ga ba lahiya. Tashi mu tahi likita."

"Haba Baba, yau na fara maleriya? Na san jikina."

Da la'asar sai ga shi ya hawo benen nan yana haki, da kular tuwon shinkafa miyar kuka. Ya rufe hancinsa da ƙyallen da kowa ke sawa. Abin ya sosa mini rai, na ce, "Baba, cire abin nan don Allah, sai ka ce wurin kuturu ka zo dubiya." Sai ya cire ya cusa a aljihu. Ya dafa goshina ya yi mini tofi. Da na ce ba na iya cin komai sai ya wanke hannu ya jawo kular tsakaninmu, ya ce mara lafiya ba ya ci shi kaɗai. Kwano ɗaya muka ci, kofi ɗaya muka sha, ina tari yana yi mini sannu.

Bayan kwana biyu numfashi ya fara gagarata, girman kai ya kwanta, na kai kaina asibiti. Aka gwada, aka ce ita ce, murar aladun. Suka tambayi waɗanda na yi hulɗa da su, na ba da lambar dattijon. Ko da suka je ya riga ya kwanta ciwo. Asibiti ɗaya aka ajiye mu, shi a sama ni a ƙasa.

Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a ɗakin nan. A gida in ka kwanta ciwo har gajiya kake da amsa sannu. A nan masu shigowa a rufe suke ruf, ido kawai kake gani, su ajiye abinci su auna ka su fita. Ba wanda aka bari ya zo. Alƙibla ma kintata na yi. Abin da ya rage mini shi ne waya, kuma mutum ɗaya nake kira. Da farko yana ɗauka, har da tsokana: "Likitan Kano, ya maleriyarmu?" Sai tari ya sarƙe shi. Daga baya ta koma ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Daga nan aka kashe ta. In na nuna wa ma'aikaciyar jinya sama da yatsa don jin labarinsa, sai ta gyara mini ƙarin ruwa ta wuce.

Ni na fara samun sauƙi, har ina cinye abincina. A kwanakin ne wani ɗan Yamai da suke haya ɗaki ɗaya da dattijon ya kira ni da hantsi ya ce, "Sai haƙuri." 'Yan uwa suka yi masa sutura a maƙabartar Musulmi, ni ina kulle ban samu sallarsa ba. Na zauna a bakin gado na yi ta salati, babu ko wanda zai ce mini ya haƙuri.

Kowa ya ce da ni kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma ni na san wanda ya ce ya cire ƙyallen. Har yau in na ji ɗumi a jikina ɗaki nake shiga in turo ƙofa, ban yarda da dubiya ba. Dangi suna cewa zaman China ya ɓata ni, ban taɓa yi musu bayani ba.

Sai da na yi mako da fitowa kafin na iya kiran matarsa a Maraɗi. Na shirya duk abin da zan faɗa, har da neman gafara. Ina gama gaisuwa ta ce, "Kai ne ɗan Kano? Alhaji ya ce mini ka ƙi cin abinci sai da ya zamna da kai. Hankalinshi duk yana wurinka. Ya jikin naka, ɗana, ka warke dai?"

Na ce, "Na warke, Hajiya."

Ta ce, "To alhamdu lillahi."