Kada a Taɓa Baba

Mai aski ne tun yana saurayi. Babu kan da bai bi ta hannunsa ba a layinsu, mai sanƙo da mai suma, kuma ba ya sakin kan mutum sai ya ji labarin gidansu kaf. Irin mutanen nan ne da in kun gaisa sai ka roƙe shi ya sakar maka hannu.

Da jijiyoyin zuciyarsa suka toshe, aka tsaga ƙirjinsa aka yi wa jini sabuwar hanya. Aikin ya yi kyau, ɗinkin ne ya ƙi. Wurin ya kumbura ya fara ruwa, ciwo ya ci har ƙashi, sai da aka sake buɗewa aka kankare. Waɗanda suka yi jinyar irin wannan tare da shi, da yawansu ba su ga baɗi ba. Shi kuwa, da taurin rai, ya tashi.

Ranar sallama nas ta ja babbar 'yarsa gefe, wadda ke riƙe da shi tun rasuwar matarsa. Ta ce kada a cika masa ɗaki, kada ya ɗauki abu mai nauyi, kada yara su hau masa ƙirji. Ta manta ba ta ce zuwa yaushe ba, 'yar kuma ba ta tambaya ba, don ta riga ta tsorata.

Da suka koma gida, 'yar ta mayar da shi ɗakin baya, ta ware masa kofi da cokali, ta kyautar da kujerar askin. Abokai suka riƙa gaishe shi ta taga, har suka gaji suka ɗauke ƙafa. Shekaru suka wuce, ga lafiya, ga kaɗaici kamar ya kashe shi. Jikar da aka haifa yana asibiti ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta shiga makaranta, bai taɓa ɗaukarta ba. Daga bakin ƙofa yake tsokanarta, wai amarya mai rowar gaisuwa.

Bana da suka je duba lafiyarsa, sabon likita ya tambaye shi ko yana motsa jiki. Ya ce ina, ko jikarsa an hana shi ɗauka. Likita ya cire tabarau ya dube su. Ya ce ai wannan doka ta 'yan watanni ce, ƙirjin ya warke tun tuni. 'Yar ta yi ta kuka a mota. Ya ji haushi ƙwarai, amma wa zai yi wa faɗa?

Suna isa gida ya zauna a falo, ya ware hannuwa.

"Zo nan, amaryata."

Yarinyar ta tako, ta tsaya daga nesa, ta mayar da hannuwanta baya. Uwarta ta ce ta je mana, likita ya yarda.

"A'a, Kaka," in ji ta. "In na taɓa ka za ka mutu."

Ya bar hannuwan a ware har suka gaji.