Asenaca Mai Fito

Rafin Wailase bai kai a kira shi kogi ba, amma da damina ko ƙato ba ya gigin tsallaka shi da ƙafa. Shekara arba'in Asenaca na fito a kansa da kwale-kwalen da mijinta ya bar mata. Ran Asabar ta kai masu ibadar Asabar cocinsu na garin Delaikoro. Ran Lahadi 'yan Katolika su haura garin Navuto, 'yan Metodis su gangaro, duk a jirginta, suna harare-harare. Ladanta gwaza, wani lokaci kifi a ganyen ayaba.

Ita kuwa ba ta taɓa samun cikakkiyar sujada ba. Kafin ta sauke na ƙarshe an kusa tashi. Waƙoƙi dai ta iya na kowa, daga kan ruwa ta haddace su, takan kuma haɗa ta wannan da ta wancan ba ruwanta.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, tsoro ya kama ta. Ta ce da 'yarta Litiana, "Ke, idan na mutu wa zai yi mini addu'a? Ba cocin da ya san ni a tabarmarsa."

"Haba Iya, wa bai san ki ba?"

"Sun san kwale-kwale dai."

Litiana ba ta iya riƙe magana ba, ko kwana ba a yi ba zancen ya zaga garuruwan biyu. Nan gardama ta tashi a kan ranar da za a zo yi mata addu'a, don masu Asabar ba za su zo Lahadi ba, sauran kuma ba za su zo Asabar ba. Da ƙyar aka tsaya a kan Laraba, ranar da ba ta kowa ba.

Ran Laraba da hantsi suka ratso ruwa har ƙirji, fararen kayansu a ka. Tsoho Pauliasi na Katolika ya leƙo ƙofa yana ɗigar ruwa.

"Tamu ce fa! Ni ta fara ɗauka."

"Rufe mana baki," in ji wata 'yar Metodis, "kai da ko gwaza ba ka taɓa ba ta ba!"

Asenaca ta yi dariya har hawaye ya zubo mata. Daɗi ya cika ta, ta gode wa Allah a fili.

"Ku shigo," ta ce. "Amma ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zauna ta gefensa. Kada ku kifar mini da ɗaki."