Ƙafar Kaka a Cikin Leda

A unguwar Tayuri ta garin Sabha, can ƙasar Larabawa, na girma, a wani gidan bulo da babana ya gina da hannunsa. Lokacin sanyi, da an sallame magariba, Kaka Hajo, mahaifiyarsa, kan hura gawayi a tsakar gida, mu kewaye ta da barguna. Mutuniyar Damagaram ce, mai tsafta har ta wuce misali. Kafin ka ga fuskarta, ƙanshin sabulu da turaren wuta sun riga sun gaishe ka.

Wata shekara ta zame a bakin famfo, ƙafarta ta karye. A asibiti aka ɗaure ta da filasta mai tauri kamar siminti tun daga yatsu har ƙasan gwiwa, likita ya ce kada ruwa ya taɓa shi, in ya jiƙe fata za ta ruɓe a ciki. Baba ya tsorata. Ya yanke hukunci: ba wanka sai an cire. Mamata ta riƙa goge mata jiki da tsumma, kamar jaririya. Kaka ta daina barin maƙwabta su shigo duba ta, tatsuniya ma ta ɗauke.

Rannan da yamma ta sa aka fito da ita bakin wuta. Baba na gefe yana shan shayi.

"Ku matso, ta iso," in ji ta. Haka take buɗe tatsuniya.

Wai a wani gari na masu fataucin gishiri aka haifi yarinya da hannu ɗaya na gishiri. Iyayenta, don ƙauna, suka hana ta rijiya, suka hana ta tafki, in hadari ya haɗo su kulle ta a ɗaki. Ta girma da dauɗa, ƙawaye suka guje ta, har ta manta kalar fatarta. Wata rana ta tambayi uwarta, "Ni duka ce gishiri, ko hannun?" Yarinya ta samo fatar akuya, ta sa hannun a ciki, ta ɗaure bakin, ta ɗaga shi sama da kanta, ta shiga tafki har wuya. Mutanen gari suka taru suna kuka, suna jiran ta narke. Ta fito tana sheƙi, hannu a bushe.

"Ta ƙare, kowa ya kama gabansa," in ji Kaka. Sannan ta juya wajen Baba. "Kai ɗan nan, me likitan ya ce?"

"Ya ce kada ruwa ya taɓa filastan, Inna."

"Filastan. Ya ce Hajo?"

"Inna, in ya jiƙe fa? Ƙafa ce."

"Ƙafata ce. Na fi ka son ta. Gobe zan yi wanka."

Da hantsi ta yi, kuma ba da ganganci ba. Ta sa Mama ta naɗe bakin filastan da tawul, aka zura ƙafar cikin leda babba, aka ƙara wata a kai. Ta hura kowace leda da baki tukuna, ta matse, don ta tabbata ba huda. Aka ɗaure da ƙyalle a saman tawul ɗin. "Ki sassauta, kada jini ya tsaya," ta ce wa Mama. Ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta ɗora ƙafar a kan bokitin da aka kife, sama da inda ruwa zai bi. Da moɗa aka riƙa zuba mata ruwan ɗumi a hankali. Baba bai tafi aiki ba, yana ta kai da komo a ƙofar gida. Da aka gama, sai da aka tsane ledar kafin a kwance ta. Kaka ta shafa filastan ko'ina, ta kira shi.

"Taɓa. In ka ji danshi, ka maida ni asibiti yanzu, ba zan yi musu ba."

Ya taɓa. Ya ji shi a bushe, ya ɗauki kayan aikinsa ya fita. Ita kuwa ta aika a gaya wa maƙwabta mai son ganin ta ya zo.

A lokacin, dabarar leda kawai na ɗauka. Sai da na girma, na auri mai gini, na haifi 'ya'ya a garin nan, na gane abin da ta koya mana. Mu baƙi a Sabha, da "kada" muke tashi: kada ka bi can, kada ka ɗaga murya, kada a gan ka. Wasu gaskiya ne, mai hankali ba ya wasa da su. Amma tsoro kan ƙara nasa a kai, har mutum ya hana kansa abin da ba wanda ya hana shi. Yanzu in an ce mini kada, nakan tambaya: kada me, daidai? Abin da aka faɗa nakan kiyaye shi sosai. Sauran kuwa nawa ne, ba na bayarwa.