Tsagen da Muka Kama a Kogin Nilu

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, akwai yini ɗaya da na san ba zan taɓa mantawa da shi ba, wato ranar da na bi maigidana kamun kifi a Kogin Nilu. Jikokina da aka haifa a nan unguwar Tandabawi ba su taɓa ganin kogi ba, ba su san wani gari ba sai Makka. In na fara ba su labarin sai su yi ta dariya, wai Hajja ce a cikin kwalekwale. Ni kuwa ban taɓa kai ƙarshensa ba tare da hawaye ba.

Mu mutanen Yawuri ne, ni da shi duk 'ya'yan masunta. Mun taso a ƙafa da niyyar aikin Hajji bayan an gama babban yaƙin Turawa, ni da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da 'yarmu da nake goyo. Tafiyar wancan zamani ba irin ta yanzu ba ce. A yi tafiya, a tsaya a yi ƙwadago, in an sami guzuri a ƙara gaba. A haka muka isa wani zangon Hausawa a bakin Nilu, cikin ƙasar Sudan, muka tarar an gama tsinkar auduga, babu aiki ko na yini. Dawar da muka riƙo ta ƙare. Inna ta kwanta da zazzaɓi, ni kuma nonona ya soma ƙafewa, yarinya ta yi ta kuka har muryarta ta dishe.

Wata safiya maigidana ya kwance ƙunshin ƙugiyoyin da ya taho da su tun daga gida. Ya riga ya roƙi wani dattijo mutumin ƙasar aron kwalekwale. Ya dube ni ya ce, "Ke za ki riƙe mini filafili."

Na ce, "Malam, ni da goyo?"

"Ki bar ta wurin maƙwabciya. Kowa a zangon nan tsoron ruwa yake ji, ke kuwa a cikinsa aka haife ki."

Inna tana kwance a kan tabarma ta ɗago hannu da ƙyar ta ce, "Allah ya ba ku babba." Muka ce amin da ƙarfi.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Muka raɓa gefen ciyayi inda ruwa ba ya gudu, ya sa tana a ƙaramar ƙugiya, sai ga kawara, 'yan kifin nan masu ƙyalli kamar azurfa, suna ta hawowa. Kafin hantsi mun tara abin da zai rufe gindin ƙwarya. Raina ya yi fari. Na ce, "Malam, mu koma da waɗannan, ko romo in yi wa Inna."

Ya girgiza kai. "Waɗannan yau kaɗai za su raba mu da yunwa. Gobe fa? Akwai tsage a ruwan nan, na ga yadda ƙananan ke watsewa. In muka sami ɗaya babba, mu ci, mu kyafe saura."

Wanda bai san tsage ba, kifi ne dogo mai ƙarfi, mai cin 'yan'uwansa, haƙoransa a waje kamar an jera ƙusoshi. Ba ya kula tana, sai kifi mai rai. Don haka muka tura zuwa tsakiya inda ruwa ke da zurfi, ya ɗauko kawara ɗaya ya soke ta a babbar ƙugiya ya jefa.

Daga nan wahalar ta fara. Igiya ta motsa, ya fizgo, sai kan kawara kawai, an datse sauran kamar da wuƙa. Ya sa wata, aka sake datsewa. Ina zaune a baya ina tokare ruwa da filafili, ina kallon abincin Inna da na 'yata yana komawa cikin kogi ɗaya bayan ɗaya. Rana ta take, ba inuwa, leɓena ya tsage. Ƙirjina ya yi ta suka, na san a lokacin yarinya tana can tana kuka. Na ci gaba da riƙe filafili, shi kuma yana ta miƙa hannu cikin ƙwarya. Shi ma ya san abin da yake yi. Muka yi azahar a zaune cikin kwalekwale, ban san abin da na karanta ba.

Wajen la'asar ƙwarya ta koma saura ɗaya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi bismilla ya soke ta. Ni na riga na cire rai, har na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna.

Sai igiya ta miƙe, kwalekwale ya juya da kansa. Kifin ya yi tsalle sama da ruwa, na ga tsawonsa, na saki salati. Maigidana ya naɗe igiyar a hannu yana cewa, "Riƙe! Kar ki bari mu kife!" Suka yi ta ja, ya saki, ya jawo, har kifin ya gaji ya kwanta a gefenmu. Ba mu da kulki, ba mu da mashi. Ya sunkuya zai kama shi ta wuya, kifin ya murɗe ya cafke masa hannun dama, daidai gindin babban yatsa. A haka ya jawo shi ciki, yana manne da hannunsa. Na ɗaga filafili na yi ta dukan kansa har ya saki.

Jini ya cika cikin kwalekwale, amma wallahi maigidana dariya yake yi. Ya wanke hannun a kogi, na yage gefen ɗankwalina na ɗaure masa. Ya ce, "Kin gani? Addu'ar Inna ta ci."

Ranar zango ya yi kamar salla. Muka kai wa mai kwalekwale rabonsa, maƙwabta suka samu, Inna ta tashi zaune ta sha romo har da neman ƙari. Na kwanta ina cewa wahalarmu ta ƙare.

Ba a jima ba hannun ya kumbura. Wanzami ya tsaga, aka sa ganye, aka yi tofi, kumburi ya haura gwiwar hannu, fata ta yi baƙi, wari ya hana shi kansa barci. Mutanen zango suka taimaka aka ɗora mu a motar kaya zuwa wani asibiti mai nisa. Likita ya duba, ya yi magana da tafinta, tafinta ya ce ko hannu ko rai. Aka yanke. Da muka koma zango, sai kabarin Inna aka nuna mana.

Mun iso Makka bayan shekaru, yarinya tana tafiya da ƙafarta. Aikin da mazajenmu ke samu a lokacin shi ne ɗibar ruwa a garwa, da dako, da gini, duk kuwa aikin hannu biyu ne. Ya gwada, aka yi ta sallamarsa da "Allah karim". Ni na kama tuyar ƙosai a unguwar Mansur, shi yana zaune a ƙofar ɗaki yana gadin yarinya. Mutumin da ke cika gida da dariya ya koma yini guda ba ka ji muryarsa ba. In muka shiga ɗawafi, nakan ga ya ɗaga guntun hannun yana nuna Hajarul Aswad, sai ya yi sauri ya rufe shi da harami. Wata rana ina ba shi abinci ya ce mini, "Duk abin da na roƙa an ba ni. Na roƙi kifi, na roƙi Makka." Bai yi tsawon rai ba bayan haka, a garin nan aka binne shi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne ɗan Adam bai san abin da yake wa murna ba, bai kuma san abin da yake wa kuka ba. Tun daga lokacin na daina tsara wa Ubangiji abin da zai ba ni. In na ɗaga hannu, ba na ambaton girma ko yawa. Cewa nake ya zaɓa mini da kansa, ya kuma ba ni ƙarfin ɗaukar abin da ya zaɓa.