Gangar Na'iya da Suman Ɗanmaliki

Na'iya makaɗin noma ne a wani ƙauye kusa da Jabo. Gangar da yake ratayawa ta mahaifinsa ce. A da, idan za a yi gayya, shi ake fara gaya wa kafin masu tuwo. Kowane manomi yana da takensa, kiɗan da idan ya ji ya san da shi ake, sai ya ƙara duƙawa. Akwai kuma kiɗan raggo, wanda ake yi wa wanda aka bari a baya. Da maganin feshi ya shigo, gayya ta yi ƙasa, Na'iya ya koma facin tayar babur a bakin hanya.

Ubangidansa shi ne Ɗanmaliki, babban manomin gero da dawa, wanda ya yi zamaninsa ba a taɓa wuce shi a gona ba. Da girma ya zo, ciwon suga ya kama shi, aka ɗora shi a kan magani.

Wata safiya da damina ya sha maganin, ya tafi gona bai karya ba. Da hantsi ya sulale ƙasa, zufa na zuba, yana surutai. Aka kawo shi gida a amalanke. Matarsa Batula ta yi abin da aka koya mata a asibiti, ta shafa masa zuma a dasashi. Shi kuwa Na'iya ya ɗauka tafiya ce ta zo, ya ce ba zai bari ubangidansa ya wuce bai ji takensa ba. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya saki kiɗa. Can sai Ɗanmaliki ya buɗe ido, babban yatsan ƙafarsa yana bin ganga.

Kowa ya ji ganga. Zuma kuwa ba ta yin ƙara, saboda haka babu wanda ya ambace ta.

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai Dogon Daji, ya gangara Kebbe. Wani ɗalibi ya ce ya gani a waya, har a ƙasashen waje ana magani da sauti. Na'iya ya rufe rumfar faci. An kai shi wurin mai ciwon kai, ciwon ya ƙaru. An kai shi wurin wata akuya da ta ƙi tashi, ta tashi, har yau ba a gan ta ba. Duk da haka sunan Likita ya bi shi, yana kuwa amsawa.

Wanda ya fi kowa yarda shi ne Ɗanmaliki. Ya ajiye magani, ya koma shayi mai kauri da fura da suga. Idan Batula ta yi magana, sai ya ce mata mai Na'iya a maƙwabta ba ya tsoron suma.

Bayan an yanke gero ƙishirwa ta dame shi, fitsari ba tsayawa, sannan ya kwanta wani barci da aka kasa tashinsa. Na'iya ya zo ya kaɗa taken har hannunsa ya kumbura, ko yatsan bai motsa ba. Batula ba ta jira ƙarshen kiɗan ba. Ta kira ƙanenta Gazali mai mota, aka ɗauki mijinta sai asibiti a Tambuwal. Na'iya ya bi su a babur, ganga a baya.

Ma'aikaciyar jinya mai suna Sharifa ta gwada jininsa, ta ce wannan karon sugan hawa ya yi, ba sauka ba, kuma da sun ƙara jinkiri da sai dai wani labari. Aka sa masa ruwa da allurar insulin. Ta dubi Na'iya ta ce, "Baba, wanga abu ba ya shiga nan."

Ya zagaya bayan taga ya zauna gindin dogonyaro. Mai gadi ya kore shi, ya dawo. Washegari ma haka. Da ya ga taken bai yi komai ba, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya kaɗa wa Ɗanmaliki kiɗan raggo.

Da la'asar Ɗanmaliki ya buɗe ido. Batula ta matso tana hamdala. Bai nemi ruwa ba, bai tambayi inda yake ba. Ya ce, "Wa aka kira raggo nan?"

Likitan da ya duba shi ya ce tun safe sugan ke sauka, mutumin yana kan hanyar farfaɗowa ne, kuma mai fitowa daga suma yakan fara ji kafin ya iya magana. Na'iya bai saurari wannan ba. Yana waje yana karɓar barka.

Da aka sallamo Ɗanmaliki, bai zarce ko'ina ba sai gidan mai gari. Ya kai ƙarar Na'iya, ya ce baransa ya zage shi a garin mutane, yana kwance ba ya iya ramawa. Aka kira Na'iya, zaure ya cika.

Mai gari ya ce magana ɗaya zai tambaya. Shin wanda ya suma yana jin ganga? Idan yana ji, to Na'iya ya ci mutuncin ubangidansa, sai ya bar ƙofar gidan Ɗanmaliki har abada. Idan ba ya ji, to babu zagi, amma kuma babu Likita.

Na'iya ya dubi ganga, ya dubi mutumin da ya yi wa kiɗa tun suna samari. Ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Ranka shi daɗe, ba ya ji," in ji shi. "Ko kusa. Mafarki yay yi."

Ɗanmaliki ya rantse ya ji da kunnensa. Mai gari ya ce ba a karɓar shaidar sumamme, ya kori ƙarar. Ya kuma umarci mai ƙara ya koma shan magani, tunda mai gangar da bakinsa ya ce ba ta aiki.

Ɗanmaliki yana shan maganinsa yanzu, kuma ba ya fita bai karya ba. Da yamma yakan zauna a rumfar Na'iya, su biyu suna gardamar abin da ya ji. Idan wani ya zo da labarin suma, Na'iya ba ya ko ɗaga kai daga tayar da yake liƙewa. Yakan ce a nemi Gazali.