Fuskar da Baba Ya Ɓamɓare Mini

Ɗumi na fara ji a goshi. Ina kwance rigingine a tabarma cikin ɗakin innata, fuskata duk a shafe da farar hodar nan da magina ke kwaɓawa su yi adon rufin ɗaki, bututun biro biyu a hancina ina numfashi da su. Na ɗauka zafin azahar ne. Can sai na ji kamar an kifa mini tuwo daga tukunya.

Na daki ƙafar ƙawata, wadda ta shafa mini hodar.

Ta ce, "Ke dai kwanta, gimbiyar Girkawa, saura kaɗan ta bushe."

A lise, makarantarmu ta sakandare, aka faro abin. Mushen Faransanci, wato malaminmu, ya ba mu labarin wasan kwaikwayon Girkawan dā, ya ce ba mai hawa dandali da fuskarsa. Fuskar aro suke sakawa, baki a wangale, idanu manya, don na can ƙarshen taro ya gane wannan mai makoki ce, wancan sarki ne. Maza ne ma ke fitowa a matsayin mata. Mutum ɗaya ya sauya fuska uku, ko uwarsa ba za ta shaida shi ba. Wannan ta ƙarshen ita ta zauna mini a rai, domin Baba ya riga ya ce 'yarsa ba za ta tsaya gaban jama'a tana wasa ba, na kuma ce masa to. Sai na je na ba da sunana a ɓoye a wasan da ajinmu zai yi.

'Yan ajinmu da kwali suka yi tasu. Ni ina son wadda za ta zauna daram, kar ta zame a tsakiyar wasa wani ɗan unguwarmu ta Birni ya kai labari gida. Mushe ya ce ana iya ɗaukar siffar fuska, amma sai an lafta mai sosai tukuna. Na ɗan goga man kaɗanya sama-sama don tsoron ƙuraje. Gira da gashin ido ban ko taɓa su ba. Hodar kuwa daga buhun Baba na ɗebo a zaure, da yake shi magini ne, ranar da Inna ta tafi suna garin Hamdara.

Da ƙawata ta kama gefe ta ja, sai na ji fatar idona ta biyo. Na yi ihu, ihun ya tsaya a cikin bakina. Wani abu ya gangara cikin idona na hagu yana ci kamar barkono. Na ji ta fita da gudu ba takalmi, sannan na ji takun da na fi sani a duniya.

Baba bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya ƙwanƙwasa goshina da farce, irin yadda yake gwada bango.

Ya ce wa ƙawata, "Kawo man gyaɗa. Kawo buta da ƙaramar wuƙar zanena." Ya ɗora kaina a cinyarsa. "Uwata, kar ki buɗe ido. In ya yi zafi ki matse hannuna."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yana ɗiga mai, yana ɓalla kaɗan-kaɗan, ƙawata kuma tana kuka tana zazzage komai: wasan, sunan da na bayar, dalilin fuskar. Ba abin da ya ce sai "riƙe butar da kyau." Girata ɗaya ta tafi da hodar. Da na buɗe idon hagu, hazo kawai nake gani.

Muka bi lungunan Birni a ƙasa, na lulluɓe da mayafi, yana riƙe da hannuna. Wata tsohuwa a ƙofar gida ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Ido ne."

A likita, wato asibiti, majo, babbar nas ɗin wurin, ta daɗe tana wanke idon. Da ta ji irin hodar, sai ta juya kan Baba.

"Kai da kake magini, ba ka san tana ƙona fata ba? Ka bar ta inda yara za su ɗiba?"

Shekarata goma sha takwas, ba yarinya ba ce ni. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, Baba ya riga ni.

"Sakacina ne, madam."

Na bar shi ya ɗauki laifin. Har yau ban manta ba.

Ana kiran la'asar ta haska mini tocila, ta rufe idon dama da tafinta, ta ɗaga yatsu.

"Nawa?"

"Uku."

"To, gefe ya ƙuna, ƙwayar ba ta taɓu ba. Idonki yana nan. Gashin ma zai fito."

Baba ya sauke numfashi, ya tambaye ta ina ake alwala.